Ƙararrawar Hayaƙi da Muhallinta a Gidan Bahaushe

Lacca da aka gabatar a Tsarnawa, a farkon hunturu

    Mafi yawan abin da zan faɗa yau a hannun iyayenmu mata da ke zaune daga can gefe yake, tun da su ne ke kwana kusa da murhu da kasko da ƙananan yara. 

Da gangan na roƙi a yi wannan zama a cikin wannan wata, domin iska ta riga ta juya ta fara busowa da ƙurarta, an gama girbi, an cika rumbuna, an jibge kara da harawa a kan rumfuna da katangu, komai ya bushe ƙamas, kuma nan da ƴan kwanaki sanyin dare zai kora kowa ɗaka, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon wuta. Duk wanda ya yi shekaru a ƙasar nan kuwa ya san cewa daga yanzu har bazara ta wuce shi ne lokacin da aka fi jin ihun gobara, aka fi zuwa jaje. Abin da zan yi magana a kansa wata ƴar na'ura ce fara mai kewaye, wadda ba ta fi murfin ƙaramin kwano girma ba, ana manna ta a saman ɗaki, tana aiki da pil, wato batir, aikinta kuma guda ɗaya tak: in ta ji hayaƙi ta ƙwala ƙara mai kaifi har mai barci ya farka. A takardun Faransanci sunanta détecteur de fumée, na faɗi sunan ne saboda wanda zai aika a sayo masa. Mu a nan sai mu kira ta ƙararrawar hayaƙi. Sayenta abu ne mai sauƙi ga wanda Allah ya hore wa. Mas'alar da ke da wuya ita ce muhallinta, wato a wane ɗaki za a sa ta, kuma a wane gurbi na ɗakin, domin wadda aka sa a inda bai dace ba tana iya fin rashinta sharri, tun da mai gida zai kwanta da natsuwar da ba ta da tushe.

Kafin in shiga bayanin ƙarfe da pil, ya kamata, da izinin malamai, in ajiye maganar a kan asalinta. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, ta hanyar Abu Musal Ash'ari, cewa wuta ta ci wani gida a kan mutanensa cikin dare a Madina, kuma da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya siffanta wuta da cewa abokiyar gaba ce, ya yi umarni a riƙa kashe ta lokacin kwanciya. A wata ruwayar kuma an bayyana sababi, cewa ɓera yakan ja lagwanin fitila ya ƙona gida da masu gida. Imamu Nawawi, a sharhin da ya yi wa Muslim, ya tsaya a kan illar hukuncin, ya nuna cewa tsoron ƙonewa shi ne abin lura, har ya fitar da fitilar da aka rataye ta yadda aka aminta daga sharrinta daga cikin hanin. To, idan illa ita ce tsoron ƙonewa, kiyasi ba shi da wuya a zamaninmu, domin ɓeran ya sake kama ne kawai: yau waya ce da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, cajar salula ce da aka tura ƙarƙashin matashi, batirin sola ne a gindin gado, dutsen guga ne da aka manta a jone sa'ad da kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ya dawo tsakar dare kowa na barci. Irin wannan wuta ba a ganinta balle a hure ta kafin kwanciya, saboda haka abin da ya rage wa mai hankali shi ne ya sa abin da zai tashe shi in ta motsa. Kiyaye rai kuwa yana cikin larurori biyar da malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, suka ce shari'a ta zo ne don tsare su.

Mutane da yawa suna zaton cewa wanda gobara ta kashe harshen wuta ne ya ci shi, alhali likitoci da ƴan kwana-kwana a ko'ina sun haɗu a kan cewa galibin masu mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke riga wuta isa gare su. Akwai kuma zato na biyu wanda ya fi na farko haɗari, cewa ai warin ƙauri zai tashe ni. Hanci ba ya gadi idan mutum ya yi nisa cikin barci, kunne ne ke kwana a buɗe. Hayaƙin kuma yana ɗauke da wata iskar guba da masana ke kira karbon monoksaid, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi mai amfani, ta yadda maimakon ta tayar da mai barci sai ta ƙara masa nauyin barci. Kakanninmu sun kwana a kan tabarmar kaba da gadon kara da buzu, mu kuwa muna kwana a kan katifar soso, kewaye da kujerun kushin da labulen nailan da robobi, waɗanda duk daga ɗanyen mai aka sarrafa su; soso kuma, idan garwashi ya faɗa masa, yakan daɗe yana ci a ɓoye babu harshe, yana fitar da baƙin hayaƙi wanda har sayanaid ke cikinsa, sa'an nan ya tashi gaba ɗaya kamar an watsa masa mai. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna cewa a ɗakin da ke cike da kayan zamani, abin da yakan rage wa mutum na fita bayan wuta ta kama bai wuce minti 3 ba. Waɗannan mintoci su ne dukiyar da na'urar ke tsare mana, kuma kowace daƙiƙa da hayaƙi ya ɓata yana neman inda aka sa ta, daga cikinsu ake cire ta.

Tarihinta gajere ne. A shekarun 1930 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Walter Jaeger yana ƙoƙarin ƙera abin gano iskar guba, abin ya ƙi, ya kunna taba, sai ya ga allurar ma'auninsa ta motsa saboda hayaƙin. A 1965 kuma Duane Pearsall a Amurka ya fito da ƙarama mai aiki da batir wadda za a iya sawa a gidan kowa. Iri biyu ne suka shahara. Ɗaya tana da ɗan ƙwayar wani ma'adini da ake kira amerisiyom a cikinta, ta fi saurin jin wuta mai harshe. Ɗayar kuma tana da ɗan haske a cikin wani duhun gurbi, idan hayaƙi ya shiga ya warwatsa hasken sai ta yi ƙara, ita ce ta fi saurin jin wutar da ke ci a ɓoye, kuma ita nake ba da shawara a saya, tun da wutar katifa da tsumma ce ta fi yi mana ɓarna cikin dare. A Faransa doka ta wajabta ta a kowane gida tun daga 8 ga Maris 2015, kuma mai inganci za ka ga an rubuta EN 14604 a jikinta, ƙararta kuwa takan kai desibel 85 a nisan mita 3. Ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka ta lissafa cewa kusan 3 cikin 5 na waɗanda gobarar gida ke kashewa a can, a gidajen da babu ita suke mutuwa, ko akwai ta amma ba ta aiki. A sayi mai pil, kada a dogara da mai jona wa kuran kaɗai, domin ko da yake tun 2018 akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, kowa ya san wuta tana ɗaukewa, kuma daren da ta ɗauke shi ne daren da ake kunna kyandir da aci-bal-bal.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Takardar da ke zuwa cikin kwalin an rubuta ta ne saboda gidan Bature, gidan da ɗakunansa duka suke ƙarƙashin rufi ɗaya, da wani siririn lungu a tsakiya wanda kowace ƙofa ke buɗewa cikinsa, ta yadda duk inda wuta ta tashi a gidan, hayaƙinta dole ya bi ta wannan lungu. Shi ya sa takardar ke cewa a sa ta a lungun, kusa da ɗakunan kwana. Gidanmu ba haka yake ba. Mu zaure ne a gaba, sai tsakar gida a buɗe, sai ɗakin uwargida, da na amarya, da turakar mai gida, da ɗakin tsohuwa, da na samari can bakin ƙofa, kowane da rufinsa da ƙofarsa, kuma abin da ke tsakaninsu sararin Allah ne. Hayaƙin da ya fito daga ɗakin uwargida ba ya zuwa turaka, sama yake yi, iskar hunturu ta kwashe shi. Kafin kuwa ya yi yawan da zai fito har a gan shi daga waje, ya riga ya cika ɗakin da ya fito daga ciki, ya sauko har kan gadon da ake kwance. Bisa ga haka, hukuncin da ya dace da mu shi ne a ɗauki kowane ɗakin kwana a matsayin gida mai zaman kansa, a sa na'urar a cikinsa, tare da masu barci, a bayan ƙofar da suka rufe.

Wannan ban koye shi daga littafi ba. Sa'ad da na fara kawo guda ɗaya gidanmu daga wata tafiya, na bi takardar sau da ƙafa, na duba gidan ban ga abin da ya yi kama da lungun Bature ba sai zaure, na kafa ta a can, na kwanta ina jin na sauke nauyi. A cikin sanyin waccan shekara, maganin sauro irin mai naɗi da aka kunna a ɗakin matar ƙanena ya karye ya faɗa kan tabarma, daga tabarma wutar ta lallaɓa ta kama gefen katifa, ita da jaririnta suna kwance, ƙofa a rufe; abin da ya cece su, bayan ikon Allah, shi ne mahaifiyarmu ta fito alwalar tsakiyar dare, ta haska tocila ta ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofar. Da aka fito da su, uwar ba ta iya tsayuwa da ƙafafunta, jaririn kuwa sai da aka kwana da shi a likita. Na'urar tana zaure, sabuwa, pil ɗinta cike, ba ta ce uffan ba, domin ko ƙwayar hayaƙi ba ta kai gare ta ba. Har yau in na tuna wannan dare sai jikina ya yi sanyi.

Na san ba kowa ne zai iya sayen biyar ko shida a lokaci guda ba, don haka sai a bi tartibi, a gabatar da mafi rauni a kan mafi ƙarfi. Ɗakin da ƙananan yara ke kwana shi ne na farko, sai na mai jego, sai na tsoho ko tsohuwa ko mara lafiya wanda ba ya iya tashi da sauri, musamman da yake tsofaffi ne suka fi son kwana da kaskon wuta. Turakar mai gida, wanda ke da ƙarfin tsallake katanga, ita ce ta ƙarshe, ko da yake na lura galibi ita ake fara sa wa duk wani sabon abu da ya shigo gida. Ƙasarmu ta Adar da kewayenta ƙasa ce ta ƴan cin rani, da an gama girbi maza sun nufi Abijan da Legas da Agadas da Libiya, su bar mata da ɗiya da tsofaffi. Ga wanda zai tafi, ina ganin wannan tana cikin guzurin da ya kamata ya bar wa iyalinsa tare da buhun hatsi.

Ɗakin da ake kira ciki da falo yana da hukunci na musamman, kuma ina so a saurare shi da kyau. A falo ake ajiye talabijin da firiji da batirin sola da tarin caja, wato a nan wutar lantarki ta fi tashi. Tagar uwar ɗaki kuma mun sa mata ƙarfe saboda ɓarayi, ta yadda mai barci ba shi da mafita sai ta cikin falon nan. Idan wuta ta tashi a falo, ƙofar tsakiya a rufe, na'urar da ke uwar ɗaki ba za ta ji ba sai hanya ta riga ta toshe. Saboda haka irin wannan ɗaki biyu yake bukata, ɗaya a ciki, ɗaya a falo. Wanda kuwa ba shi da halin biyu, ya sa ta a falo daf da ƙofar uwar ɗaki, ya bar labule kaɗai a tsakani. Makulli ya kwana a jikin ƙofa ko a ƙusa ɗaya da kowa ya sani, domin a cikin baƙin hayaƙi ba a neman makulli a aljihun riga. Ina kuma roƙon iyayenmu mata, don girman Allah, a daina kulle yara a ɗaka da kwaɗo daga waje a tafi biki ko kasuwa. Gidan bene ba shi da yawa a nan, maganarsa gajera ce: kowane hawa da tasa, da ɗaya a saman matakala.

Sai gurbinta a cikin ɗakin. Ɗabi'ar hayaƙi mai zafi ita ce ya haura sama, ya daki rufi, ya bazu ta ko'ina kamar ruwan da aka zuba a faranti, sa'an nan ya fara saukowa. Don haka a ɗakin da ke da plafon, wato silin, tsakiyar plafon shi ne wuri mafi kyau. A nisanci kusurwa, inda bango ya haɗu da rufi, domin iska a nan kwance take ba ta motsi, hayaƙi yakan kewaye ta ya wuce. A bar aƙalla santimita 30 tsakaninta da bango ko ƙwan fitila, wato misalin taƙi ɗaya da rabi. Idan akwai fanka a tsakiya, a matsa da ita kamar mita 1 daga bakin fikafikan, kuma kada a sa ta saitin taga ko ƙofa, ko kusa da ƴan ramukan shan iska da magina ke bari a saman bango, domin iskar da ke shigowa ta nan tana kore hayaƙi daga gare ta. Kada kuma ta ɓuya a bayan labule, ko a bisa kabad inda aka jera kwanonin amarya.

Amma rufinmu ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne takardar Bature ta sake gaza mana. Tun da masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, ginin bulo da rufin kwano, wanda muke kira tol, ya yi ta ƙaruwa a garuruwanmu, kuma da yawa babu plafon a ƙarƙashinsa. Galibin waɗannan na'urori an rubuta a takardarsu cewa suna aiki daidai ne har zuwa zafin digiri 38 ko 40, alhali a watan Afrilu da Mayu ko inuwar bishiya takan wuce haka, balle jikin tol da rana ta wuni tana duka. Ban da lalata pil da zafin ke yi, yakan tara wata iska mai ɗumi a ƙarƙashin kwanon wadda ke tokare hayaƙi ta hana shi isa can sama da wuri. Masu ƙera ta da kansu sun ba da mafita ga irin wannan rufi: a sa ta a jikin bango, tsakanin santimita 10 zuwa 30 ƙasa da rufin, a kuma zaɓi bangon ciki, wanda rana ba ta dukansa daga waje. A ɗakin soro mai azara, wanda shi ne ya fi kowane sanyi da dacewa da ita, a kafa ta a ƙasan azara mai sauka, kada a cusa ta cikin ramin da ke tsakanin itace da itace. Idan kuma rufin mai tulluwa ne ko mai tsini, a sa ta kusa da ƙololuwa, cikin santimita 90 daga gare ta, ba a cikin tsinin kansa ba. Ɗakin ciyawa kuwa, gaskiya ita ce hayaƙi yana tsiyaya ta cikin jinka, kuma in wuta ta faɗo masa daga waje ta fi kowace ƙararrawa sauri. Amfaninta a nan ya tsaya ga wutar da ta fara daga shimfiɗa.

Akwai wuraren da sa ta a cikinsu ɓarna ne. Madafa ita ce ta farko, musamman tamu ta itace da kara. A bar aƙalla mita 3 tsakaninta da duk inda ake girki, misalin taku huɗu na babban mutum. Haka banɗaki saboda tururi, haka rumfar da samari ke dafa shayi, haka inda ake tayar da babur. Dalilin ba lalacewar na'urar ba ne kaɗai. Dalilin halin ɗan Adam ne, domin abin da ke ihu kullum ba gaira ba dalili, rana ɗaya za a gaji a cire masa pil, a sa a rediyo ko tocila, kuma ba za a mayar ba. Na san iyayenmu mata za su tambaye ni turaren wuta, tambaya ce kuma mai kyau, tun da babu ɗakin matar kirki da ba ya shan turare. Jawabi shi ne a yi turaren nesa da saitinta, ƙofa a buɗe. Idan ta yi ƙara, da yawansu suna da maɓallin da ake dannawa su yi shiru na ƴan mintoci su koma gadi da kansu, in babu sai a yi mata fifita da faifai har hayaƙin ya wuce. A fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Ƙara kuma ba ta da fa'ida sai da kunnen da zai ji ta. Bincike a Ostareliya da Birtaniya ya nuna cewa yara da yawa ba sa farkawa da wannan ƙara komai tsananinta, tsoho mai nauyin ji shi ma haka. Don haka wadda ke ɗakin yara, a haƙiƙa babba take kira. Wanda ya kafa ta ya jarraba cikin dare: wani ya danna maɓallinta, shi kuma ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, fanka na juyawa, ya ga ko zai ji. Akwai irin waɗanda ke magana da junansu ba tare da waya ba, in ɗaya ta ji hayaƙi duka su ɗauka, su ne suka fi dacewa da babban gida irin namu, sai dai sun fi tsada. Wannan magana ta fi nauyi a kan waɗanda aka ba amanar ɗiyan mutane, wato malaman makarantun allo da ke da ɗakunan almajirai, da shugabannin makarantun kwana. A watan Nuwamba na 2015 gobarar dare ta kashe ɗalibai mata 7 a ɗakin kwanan makarantar ƴan mata ta Jogana kusa da Kano, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa naka. Haka masu shaguna a bakin mararrabar nan, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, waɗanda yaransu ke kwana cikin kaya, ƙofar ƙarfe a rufe.

Amana ce a kaina in faɗi iyakarta, don kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Gawayin da ya riga ya ruru ya yi jajir ba ya hayaƙi, amma yana fitar da iskar gubar nan da na ambata, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ƙararrawar hayaƙi ba ta jin ta ko kaɗan. Tana da tata na'urar daban, wadda ake sawa daidai tsayin kan mai kwance ko mai zaune. Duk ɗakin da aka kwana da garwashi, ko aka hura wuta ƙarƙashin gadon mai jego, ƙofa da taga a toshe, masu shi suna cikin haɗari ko da na'ura goma ne a sama, kuma ciwon kai da jiri da amai da aka tashi da su da safe alama ce da bai kamata a jingina wa iskoki ko sanyi ba. Gas na girki shi ma ba ta jin sa, domin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sai isansi, wato man fetur, wanda kusancinmu da iyaka ya mayar da shi sana'ar gidaje da yawa: tururinsa yana rarrafe a ƙasa har ya iske murhu ko fitila a nesa, kuma tashinsa da gama ɗaki abu ɗaya ne, babu wani gargaɗi a tsakani. Ban zo in hana kowa neman abincinsa ba, amma jarka da kwalabe ba sa kwana ɗaki ɗaya da mutum, ko jikin bangon ɗakin yara. Mun kuma ga abin da wutar kara ke yi ko da rana tsaka, ido buɗe: a ranar 13 ga Afrilu 2021 yara kimanin 20 suka rasu a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a ranar 8 ga Nuwamba na shekarar kuma aƙalla 25 a Maraɗi, har gwamnati ta hana sa ƙananan yara na share fage a irin waɗannan azuzuwa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Maganin wannan gini ne da tazara da ƙofa mai faɗi.

Abin da ya rage shi ne kulawa, kuma a ƙasar ƙura irin tamu ta fi yadda takarda ta faɗa. Ƙurar hunturu da yanar gizo da ƙananan ƙwari suna shiga ramukanta, su sa ta ihun banza ko su toshe ta, don haka a riƙa share ta da busasshen tsumma ko burushi mai laushi, kada a wanke ta, kada a shafa mata fenti ko farar ƙasa ranar gyaran ɗaki. A danna maɓallinta sau ɗaya a wata, ganin sabon wata ya ishe mu tuni. A sake pil sau ɗaya a shekara, ni na zaɓi bayan girbi, kafin sanyi ya shigo. Idan ta fara wani ɗan tsit, tsit jefi-jefi, pil ne ke ƙarewa, a sake shi a ranar. A bayanta akwai shekarar da aka ƙera ta, a duba tun a kanti, domin bayan shekara 10 ƙarfin jinta yakan ragu, a sake sabuwa. Idan kuwa ta yi ƙara da gaske, a sunkuya ƙasa inda iska ta fi tsabta, a ɗauki yara a fita, a ja ƙofa a rufe, a yi kururuwa maƙwabta su kawo ɗauki, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kuma kowa ya taru wuri ɗaya da aka sani a ƙirga kawuna, kada wani ya koma ciki neman wanda ya riga ya fito, ko neman kuɗin albasa da ke ƙarƙashin katifa.

Na zo da guda ɗaya, ga ta a hannuna. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da malamai su yi mini afuwa, domin ƙarar ba ta da daɗin ji. Zan ba wani yaro ya shiga da ita ɗakin can na gefe, ya rufe ƙofa, ya danna. Waɗanda ke zaune can ƙarshen rumfa, da iyayenmu mata, duk wanda ya ji ta sosai ya ɗaga hannu, wanda bai ji ba kuma ya faɗa mana, mu auna takun da ke tsakaninsa da ƙofar.